Bikin Girbin Inabi na Montmartre: Yadda Za Ka Hau, Ka Ci Mai Tsabta, Ka Sauko Lafiya

A mako na biyu na watan Oktoba, tudun Montmartre da ke arewacin birnin Faris yakan cika ya batse har kwana biyar, daga Laraba zuwa Lahadi. Bikin girbin inabi ake yi, wanda Faransawa ke kira Fête des Vendanges, kuma tun 1934 aka fara shi. Masu shirya bikin kan ce kusan mutum rabin miliyan ke halarta. Duk wanda ya taɓa taka lungunan tudun nan, waɗanda wasunsu mota ɗaya ma da ƙyar take wucewa, ya san abin da wannan adadi ke nufi.

Abin dariyar shi ne gonar da ake wannan hidima dominta. Clos Montmartre sunanta, faɗinta murabba'in mita 1,556, ko rubu'in filin ƙwallo ba ta kai ba. Hukumar birnin Faris ce ta dasa ta a 1933, bayan mazauna unguwar, ciki har da mai zane Francisque Poulbot, sun tsaya kai da fata kada a gina benaye a filin. Ana matse inabin a ƙarƙashin ginin magajin garin gunduma ta 18, kuɗin da aka samu daga sayar da giyar kuma ana zuba su a ayyukan taimakon jama'ar gundumar. Giyar gonar ba ta taka kara ta karya ba wajen yawa. Abin da ke jawo cincirindon shi ne rumfunan abinci da ake jerawa a kewayen babban cocin Sacré-Cœur, inda manoma da masu sarrafa abinci daga sassan Faransa ke baje hajarsu.

Me ya haɗa Bahaushe da wannan? Wuri ne ya haɗa mu. A gindin tudun ta gabas unguwannin Château Rouge da Barbès suke, inda ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu daga Nijar da Chadi da Kamaru da Najeriya ke zuwa cefane da sayen atamfa. Baƙo kuma da wuya ya zo Faris ba a kai shi ya hango gari daga gaban farin cocin nan ba. Don haka ko da niyya ko ba niyya, in kana Faris a wannan mako, bikin na iya riskarka.

Mataki na farko: yanke shawara tun daga gida

Kada mu yaudari juna. Biki ne da giya take tsakiyarsa. Za ka ga mutane tsaye da kofunan gilashi, za ka ji warinta a iska, wani ma ya gifta ya ɗan fantsa maka a hannun riga. Akwai hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma da yawa daga cikin 'yan'uwa sun ɗauki wannan a matsayin dalilin ƙaurace wa tudun gaba ɗaya a kwanakin. In kana cikinsu, aikinka mai sauƙi ne: ka ɗage ziyararka zuwa Litinin ko Talatar da ke biye, lokacin an kwashe rumfunan. Wasu kuma na ganin titi ne na kowa, za su wuce, su sayi zuma da cuku, su ga gari, su sauko. Ba ni zan yanke maka ba. Sauran wannan jagora na waɗanda suka zaɓi zuwa ne, da waɗanda aiki ko rakiyar baƙo ta tilasta musu.

Mataki na biyu: zaɓi rana, ka zaɓi sa'a

Wannan shi ne rabin nasarar. Laraba da Alhamis yawanci na nune-nune ne da wasannin yara da kiɗe-kiɗe a wurare daban-daban na gundumar. Layin rumfunan abinci, wanda ake kira Parcours du Goût, daga Juma'a zuwa Lahadi yake ci.

In kana da zaɓi, ɗauki safiyar Juma'a. Mutanen gari suna wurin aiki, masu rumfuna ba su gaji ba, suna da lokacin amsa maka tambaya, kuma tambaya ita ce jarinka a nan. Ka gama da wuri ka sauka ka samu Juma'a. Safiyar Lahadi ita ce ta biyu a wurina, domin Faransawa ba su da sammakon Lahadi. Asabar kuwa, daga azahar zuwa dare, ba na ba kowa shawara, balle mai yara ko mai rakiyar tsoho. Ranar ce ake babban jerin gwano, ranar ce kuma kowa ke da hutu. Akwai lokacin da ba kai ke tafiya ba, jama'a ce ke tafiya da kai.

A tsakiyar Oktoba rana na faɗuwa a Faris wajen ƙarfe bakwai na yamma. Sa wannan a ranka a matsayin iyaka. Taron safe na iyalai ne da tsofaffi masu kwandon cefane. Taron bayan magariba na waɗanda suka wuni suna ɗanɗane ne, murya ta fara ɗagawa, ƙafa ta fara tangaɗi. Ba faɗa ake yi ba, amma ba wurin zamanka ba ne.

Ka duba jadawalin shekarar a shafin bikin ko na ofishin magajin garin gunduma ta 18 kafin ka fito, domin sa'o'i da hanyar jerin gwano kan sauya daga shekara zuwa shekara.

Mataki na uku: abin da za ka ɗauka

Takalmi mai riƙe ƙasa, don titunan tudun na duwatsu ne jere, in yayyafi ya taɓa su kuma santsi gare su. Rigar sanyi mai hula ta fi lema, domin lema a cikin cunkoso tsokanar ido ce. Ƙaramar jaka mai zif da za ka rataya a gaba. Babbar jakar goyo ka bar ta a masauki, ana iya tsayar da kai a bincika ta a mashiga, kuma za ta dame ka ta dami na bayanka. Gorar ruwa. Katin banki, tare da 'yan takardun yuro biyar da goma da tsaba, domin ba kowace rumfa ke karɓar kati a kan ƙaramin ciniki ba. Fasfo ya zauna a masauki in akwai wurin ajiya mai tsaro, ka riƙe kwafinsa ko katin zamanka. In da yara, rubuta lambar wayarka a takarda ka sa musu a aljihu.

Ka kuma yi alwala ka shiga banɗaki kafin ka hau. Zan dawo kan dalili.

Mataki na huɗu: hau ta baya

Kusan kowane baƙo hanya ɗaya yake bi: ya sauka a tashar metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) ta Anvers a layi na 2, ya bi rue de Steinkerque mai shagunan tsaraba, ya isa gindin lambun Louise Michel, sannan ya hau matakala ko ya shiga ɗan jirgin da ake ja da igiya zuwa sama. Ɗan jirgin nan minti ɗaya da rabi kawai yake yi, da tikitin metro ake shigarsa, amma a kwanakin biki layinsa zai iya cinye maka lokacin da ya isa ka hau da ƙafa ka huta. Matakalar da ke gefensa, rue Foyatier, taki 222 ce. Wannan hanya ita ce ta fi kowace cunkoso, ita ce kuma matattarar masu neman na banza. Ka bar musu ita.

Tashar Abbesses a layi na 12 ma tarko ce ga wanda bai sani ba. Ita ce tasha mafi zurfi a Faris, mita 36 a ƙarƙashin ƙasa. In ka ga mutane sun tsaya jiran lif, tsaya tare da su. Wanda ya yi gaggawa ya kama matakalar da ke murɗawa zai fito waje yana haki tun bai fara hawan tudun ba.

Hanyar da nake bi ita ce ta arewa. Ka zarce a layi na 12 har tashar Lamarck-Caulaincourt. Daga nan ka nemi rue des Saules ka hau. Cikin 'yan mintuna za ka ga gonar inabin kanta a kusurwar da ta haɗu da rue Saint-Vincent, daura da tsohon gidan waƙe-waƙen nan Lapin Agile. Ka tsaya ka leƙa ta shinge, domin ba a shiga sai da rajistar ziyara ta musamman, kuma guraben kan ƙare da wuri. Kada ka yi mamaki in ba ka ga nonon inabi a jiki ba, galibi an riga an tsinke kafin bikin. Daga nan ka bi rue Cortot, ka ɓulla rue du Mont-Cenis, ka shigo wa rumfunan ta bayan coci. Ka ga gonar da rabin mahalarta ba sa gani, ka kuma tsallake turereniyar gaba.

Mai keken jariri ko mai ciwon gwiwa ya bi rue Lamarck. Titin yana zagaye tudun a hankali har gindin cocin, ba matakala. Ya fi tsawo, amma ba ya karya mutum. Kada ka dogara da bas mai lamba 40 da ke hawa tudun a sauran ranaku, domin ana rufe tituna lokacin biki. Tasi ma a ƙasa zai ajiye ka.

Mataki na biyar: zagaya da hannu a aljihu

Da ka iso, ƙamshi zai tare ka: narkakken cuku, tafarnuwa da man shanu, suya iri-iri. Kada ka sayi komai tukuna. Yi zagaye ɗaya cikakke kana kallo kawai. Rumfunan na jere ne a titunan da suka kewaye cocin, kowace da allon yankin da ta fito: Savoie, Auvergne, Bretagne, Alsace, Corse, ƙasar Basque, da tsibiran Antilles. A wannan zagaye ka lura da abu uku: wace rumfa ce ke da tukunya ko farantin suya na dabam don abin da ba nama, ina aka rubuta farashi a fili, ina kuma mafita mafi kusa. Wanda ya sayi abu a rumfar farko yakan iske wanda ya fi shi a ta goma, ga hannu ya cika, ga ciki ya cika.

Za a miƙo maka ɗanɗano a bakin wuƙa ko a tsinke. Kyauta ne, ba dole ka saya ba. Amma kada ka karɓa kafin ka san mene ne. Yankan saucisson ya fi komai yawo a wurin nan, shi kuma alade ne.

Mataki na shida: tambayoyi biyu kafin loma ɗaya

Matambayi ba ya ɓata. Fara da “Bonjour”, domin Bafaranshe na ɗaukar wanda ya faɗo masa da tambaya ba gaisuwa a matsayin marar tarbiyya, kamar dai yadda muke ɗauka. Sannan ka ce: “Il y a du porc dedans?” wato akwai alade a ciki? Ka biyo da: “Il y a du vin ou de l'alcool dedans?” wato akwai giya a ciki? Ka ambaci vin ɗin da sunansa. Mai girki da yawa ba ya lissafa giyar da ya zuba a tukunya a matsayin barasa, a wurinsa kayan miya ce. Haka ma alade: ka ce porc ya ce babu, alhali akwai lardons, 'yan gutsattsarin naman alade masu kitse da suke barbaɗawa kamar yadda muke barbaɗa albasa. Don haka kalmomin da za ka haddace su ne porc, jambon, lardons, lard, saucisse, saucisson, chorizo, boudin, andouillette, rillettes, da charcuterie wadda ta tattara su duka.

Yanzu bari mu bi manyan tukwanen. Tartiflette ita ce za ta fi jan idonka: dankalin turawa da albasa da cukun reblochon a wani ƙaton faranti mai faɗin faifai goma. Da lardons ake yin ta, sau da yawa har da farar giya. Wuce. Fondue, cukun da ake narkarwa a tsoma burodi, da farar giya ake dama shi. Wuce. Moules marinières, wato ƙumbar teku, a cikin farar giya ake dafa su. Miyar albasa ma yawanci ba ta rasa giya ko romon naman da ba ka san yankansa ba.

Raclette kuwa akwai dabara. Rabin ƙaton cuku ne ake gasawa a kankare narkakken a kan dankali ko cikin burodi. Naman alade a gefe ake ƙara shi, saboda haka kana iya cewa “sans charcuterie”, a ba ka cuku da dankali zalla. Sai dai ka duba ko wuƙa ɗaya da katako ɗaya ake yi wa duka aiki. Aligot ma haka: dankali ne da aka kirɓa da ɗanyen cuku da tafarnuwa har ya yi yauƙi, mai rumfa na ɗaga shi da muciya sama da kansa don jan ido. Sakwara ce ta mutanen Aubrac, in ka so. Da tsiran alade ake haɗa shi, amma shi kansa babu nama. Ka ce “aligot seul”. A ranar sanyi ba abin da ya kai shi riƙe ciki. 'Yar'uwarsa truffade kuma a kitsen alade ake yawan soya dankalinta, sai ka tambaya.

Ga wani tarko da ya taɓa kama ni. Na ga an rubuta saucisson de canard, na agwagwa ke nan, na saya da murna na kai wa wanda ya sauke ni tsaraba. Shi ya juya bayan takardar ya nuna mini: agwagwa kaɗan ce, sauran alade. Haka ake yin yawancin tsiran agwagwa da na barewa da na bijimi, domin kitsen alade ke riƙe su. Ko da babu alade ma, maganar yanka tana nan. Ni dai na sauƙaƙa wa kaina: a kan tudun nan ba na cin nama, nama yana jira na a ƙasa. Foie gras, hantar agwagwa ko dinya da aka yi wa kiwon ɗura, ban da maganar yanka, sau da yawa da giya mai ƙarfi ake jiƙa ta.

To me ya rage? Da yawa. Rumfunan Antilles na soya accras de morue, ƙosai ne na fulawa da busasshen kifi mai gishiri da ɗan yaji, kuma shi ne abin da ya fi kusa da harshenmu a duk wurin. Ka dai tabbatar ba a mai ɗaya ake soya su da wani abu ba, ka kuma kauce wa boudin da ke gefensu. Galette ta Bretagne, fanke ne mai faɗi siriri na baƙin gari, kamar kisra. Wadda ake kira complète da jambon take zuwa, sai ka ce “œuf fromage”, ƙwai da cuku, ka roƙi a goge farantin. Huîtres, halittun teku masu ɓawo da ake buɗewa a gabanka a matsa lemun tsami a haɗiye ɗanye, Oktoba lokacinsu ne. Ba kowane ciki ke karɓarsu ba, in karonka na farko ne ka tsaya a ɗaya ko biyu. Akwai dodon koɗi a man shanu da tafarnuwa ga mai ra'ayi, malamai sun saɓa a kansa. Akwai zaitun, da tapenade wadda zaitun ne niƙaƙƙe da ɗan kifi. Akwai marrons chauds, 'ya'yan itace da ake gasawa a kan garwashi a zuba a takarda, ɗanɗanonsu tsakanin gurjiya da dankalin Hausa, suna kuma ɗuma hannu.

Cuku shi ne dukiyar wurin. Comté, Beaufort, Cantal, da na tumaki daga ƙasar Basque, duk masu tauri ne da za su jure tafiya. Mai tsananta wa kansa kan abin da ake daskarar da madara da shi ya tambayi présure, ya yi aiki da fahimtarsa. Époisses dai da barasa ake wanke bayansa, wannan ba saɓani.

Kayan zaƙi ma ba a shiga da ido rufe. Canelé na Bordeaux da rhum, wata giya mai ƙarfi, ake yin sa, baba au rhum kuwa sunansa ya tona shi. Crêpe mai sukari ko cakulan yawanci lafiya, amma wasu na zuba rhum ko giyar sha'ir a ƙullun, tambaya ɗaya ta wadatar. Alewa mai danƙo sau da yawa da gélatine ta alade ake yi. Zuma, nougat na Montélimar wanda zuma ne da farin ƙwai da almon, da pain d'épices, burodin zuma mai kayan ƙamshi, waɗannan su ne tsarabar da nake komawa da ita.

Abin sha: jus de raisin da jus de pomme, ruwan inabi da na tuffa zalla. Cidre ba ruwan tuffa ba ne, ko an rubuta doux akwai barasa a ciki. Vin chaud, wanda ƙamshin kirfa da kanumfarinsa ke kama da shayi mai kayan yaji, giya ce aka ɗumama.

Mataki na bakwai: farashi kafin wuƙa

Dokar Faransa ta wajabta a rubuta farashi, kuma ana rubutawa. Wayon yana cikin ma'aunin. Nougat da cuku da busassun 'ya'yan itace akan rubuta kuɗin giram 100 ne da manyan lambobi, baƙo ya ɗauka kuɗin yanki ne. Mai rumfa ya ɗora wuƙa ya ce “comme ça?”, wato kamar haka?, kai kuma ka gyaɗa kai don kunya, ya yanka, ya ɗora a sikeli. Na taɓa biyan kuɗin abincin rana biyu a kan nougat ɗin da na zaci na 'yan canji ne, kuma abin da aka yanka ba ya komawa. Ido ba mudu ba ne, ya dai san ƙima, amma nougat ya fi yadda ido ke gani nauyi.

Maganin shi ne ka faɗi kuɗinka, ba girman yanki ba. “Pour cinq euros”, na yuro biyar. Ko ka faɗi nauyi: “deux cents grammes, pas plus”, giram ɗari biyu, kada ya wuce. Ka sa ido a kan sikeli. Ba a taya kaya a nan kamar kasuwar Kurmi, ka taya a yi maka kallon mamaki. Sai dai da yammacin Lahadi, mai rumfar da ba ya son komawa da kaya kan yi ragi da kansa ko ya yi gyara. In an ba ka abin sha a kofin roba mai kauri aka ƙara maka kuɗi, consigne ce, kuɗin ajiya, ka mayar da kofin a mayar maka. Gaba ɗaya ka sa ran tsada fiye da shagon unguwa.

Mataki na takwas: zama cikin jama'a

Da ka karɓi abincinka, fita daga layi. Cin abinci a tsaye a tsakiyar mashiga shi ke sa a zubar maka, a kuma zare maka waya kana fama da cokali. Bayan cocin akwai ɗan lambu, Marcel Bleustein-Blanchet, wanda mutanen unguwa ke kira Turlure, yana da kujeru kuma baƙi ba su cika saninsa ba. Matakalan gaban coci sun fi kyan kallo, duk Faris na shimfiɗe a gabanka daga tsayin mita 130, amma a ranar biki da wuya ka sami wurin ɗora ɗuwawu.

'Yan sane sun san wannan mako kamar yadda manomi ya san kaka. Waya da walat su zauna a aljihun gaba ko cikin jakar da ke ƙirjinka. In an yi wata turereniya ba dalili, hannunka ya fara zuwa aljihu kafin idonka ya nemi wanda ya ture ka. A gindin matakala akwai samari masu ɗaura wa mutum zare a wuyan hannu su nemi kuɗi. Da yawansu 'yan Afirka ta Yamma ne, za su kira ka “mon frère”, wato ɗan'uwana. Amsa gaisuwar da baki, hannu na aljihu, ƙafa na tafiya. Akwai 'yan mata masu takardar sa hannu wai don taimakon kurame. Akwai masu cacar kofi uku a kan kwali a rue de Steinkerque, waɗanda kake gani suna ci duk abokan mai kwalin ne.

In kun zo da yawa, ku sa wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, kuma kada ya zama “gaban coci”, kowa can yake cewa. Ku zaɓi kusurwar gonar inabi ko ƙofar lambun baya. Layin waya kan yi nauyi in taro ya yi yawa. In ka ji an matse ka har ba ka iya ɗaga hannu, kada ka yi gaba da jama'a, kada ka sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi. Ka bi da su kana karkata gefe har ka sami lungu. Yaro ƙarami a ɗauke shi. Lambar gaggawa 112 ce, ta 'yan sanda 17. Place du Tertre, dandalin masu zanen hoto, ko a ranar da ba biki cike yake, ranar Asabar ɗin biki ka kewaye shi kawai.

Mataki na tara: in kana son kallo

Jerin gwanon Asabar na ƙungiyoyin manoman inabi da masu abinci ne, sanye da alkyabbu masu launi da huluna da lambobi a wuya, ga makaɗa, ga yaran unguwa da ake kira Petits Poulbots suna buga ganguna. Wanda ya saba da hawan salla zai ga abin kamar wasa, ba doki ba algaita, amma yara na jin daɗinsa. Ka tsaya a titunan ƙasan tudu inda akwai fili, ba a sama ba. Ranar Lahadi kuma a Place des Abbesses an sha yin wani abu da sai Faransa: masoya su zo gaban jami'in gunduma a shaida cewa ba su nemi auren juna ba. Na kalla sau ɗaya, har yau ban san yadda zan bayyana wa goggota ba.

Mataki na goma: sauka ta gabas

Banɗaki a saman tudun kaɗan ne, layinsu kuma dogo. Gidajen shan kofi ba sa barin wanda bai sayi komai ba, don haka in ta matsa, sayi kofi ɗaya a tsaye ka nemi toilettes. Wurin salla kuwa babu a sama. Shi ya sa na ce ka yi alwala tun daga gida, ka kuma lissafa lokacinka.

Kada ka koma ta Anvers, inda kowa ke tururuwa. Daga gefen gabas na cocin ka kama matakalar rue Maurice Utrillo, ka sauka rue Muller, ka ƙetara rue de Clignancourt, ka miƙe har boulevard Barbès. Tafiyar ba ta kai rubu'in sa'a ba, kuma da ka iso Château Rouge ka shigo wata duniya. Ga kasuwar rue Dejean da kifi da kuɓewa da attarugu da doya, ga mahauta masu naman halal, ga shagunan atamfa a rue Poulet. A lamba 56 rue Stephenson, cikin ginin Institut des Cultures d'Islam, akwai ɗakin salla. Da yammacin Lahadi da ranar Litinin yawancin rumfunan Dejean a rufe suke, wannan ma wani dalili ne na fifita Juma'a. Mai neman yadi kuma ya tuna Marché Saint-Pierre yana gindin tudun ta kudu.

Naman da ka hana kanka a sama, a nan za ka rama: gidajen abincin Senegal da Mali da Kwaddibuwa da na Larabawan Magrib sun cika unguwar, da shinkafa da kifi, da miyar gyaɗa, da gasasshen rago. Daga tashar Château Rouge layi na 4 zai kai ka Gare du Nord a tasha ta biyu, bayan Barbès-Rochechouart. Cukun da ka saya ka naɗe shi da kyau kafin ka shiga jirgi, in ba haka ba duk taragon zai san daga ina kake.